Maganaɗisu Mai Rauni da Ƙwayoyin Jikinmu: Abin da Bincike Ya Gano da Abin da Ake Jingina Masa

Unguwannin gefen Zariya irin su Dogarawa, Palladan da Hayin Dogo sun cika sun batse a 'yan shekarun nan. Inda da gonaki ne, yanzu gidaje ne da shaguna, ga taransifoma a bakin layi, ga wayoyin wuta sun yi saƙa a sama, ga turakun kamfanonin sadarwa a tsakiyar gidaje. Tare da wannan ci gaba maganganu iri biyu suka yaɗu. Wasu na cewa zama kusa da babbar wayar wuta ko turken sadarwa yana jawo sankara da rashin haihuwa da ciwon kai. Wasu kuma na tallar awarwaro da ɗamara da katifa masu maganaɗisu, wai suna maganin hawan jini da ciwon suga da sanyin ƙashi. Abu ɗaya ne ake tsoronsa a wannan gida, ake sayensa da tsada a wancan. Kowane ɓangare kuma cewa yake yi "masana sun tabbatar".

Tambayar da ke ƙarƙashin maganganun biyu guda ce: shin maganaɗisu mai rauni yana iya taɓa yadda ƙwayoyin jiki ke karɓar saƙo da isar da shi? Masana sun fi shekara 40 suna kai-komo a kanta.

Kalmomin da za a riƙe

Ƙwayar halitta ita ce ƙaramin ginin da jiki ya haɗu da shi. Jikin baligi yana da kimanin tiriliyan 30. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da tantani siriri ƙwarai, kuma a jikin wannan tantani akwai makarɓan saƙo. Makarɓi furotin ne, wato ɗaya daga cikin manyan sinadaran da jiki ke ƙerawa don gudanar da ayyukansa, an siffanta shi yadda sinadari ɗaya tak ko danginsa zai dace da shi. Idan mutum ya ci tuwo suga ya hau a jininsa, jiki yakan saki insulin. Insulin ba ya shiga da kansa ya yi aikin; yakan manne wa makarɓinsa a bayan ƙwaya, makarɓin ya sauya siffa, saƙo ya bi daga wannan sinadari zuwa wancan a ciki, har a buɗe wa suga hanya. Wannan jerin shi ake nufi da isar da saƙo.

Akwai kuma ƙananan ƙofofi a tantanin da gishirin jiki ke bi, irin su sodiyam da fotasiyam da kalsiyam, kowanne ɗauke da ɗan cajin lantarki. Kalsiyam ya fi jan hankali a wannan batu. Yawansa a cikin ƙwaya ya gaza na wajenta kusan sau 10,000, don haka buɗe masa ƙofa ko na ƙiftawar ido babban saƙo ne: da shi tsoka ke motsi, da shi jijiya ke miƙa wa 'yar'uwarta labari.

Fagen maganaɗisu shi ne kewayen da ƙarfin maganaɗisu ke aiki a cikinsa. Ana auna shi da tesla, ƙaramin ma'auninsa kuma maikrotesla, kashi ɗaya cikin miliyan na tesla. Duk wayar da lantarki ke gudu a cikinta tana da irin wannan fage kewaye da ita, kuma yana raguwa da sauri idan aka ja da baya.

Nawa ne "mai rauni"?

Duniya kanta maganaɗisu ce. Ƙarfin fagenta yana tsakanin maikrotesla 25 zuwa 65, gwargwadon inda mutum yake, kuma a arewacin Nijeriya ya ɗan haura 30. Shi ne manhajar nuna alƙibla ta wayar hannu ke bi. Wanda ya taɓa ajiye waya kusa da lasifikar masallaci ko ƙarfen ƙofa ya ga kibiyar ta karkace tana rawa, ya ga yadda wani fage ke shiga cikin na duniya ya rikita shi. A cikin fagen duniya aka haifi kowa, a cikinsa ake kwana ake tashi.

Lantarkin Nijeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, fagen da yake haifarwa ma haka. A tsakar gida na yau da kullum ƙarfinsa bai cika kai maikrotesla 0.2 ba. A ƙarƙashin manyan wayoyin dakon wuta yana iya kai 10 ko 20, ya ragu sosai bayan 'yan mitoci goma-goma. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne na'urar da ke hannu takan fi wadda ke sama. Injin aski da ake ɗora wa mutum a ƙeya yana iya ba da ɗaruruwan maikrotesla a wurin da ya taɓa fata, amma a nisan mita ɗaya kusan babu komai. Mai walda da kebul ɗinsa ke rataye a kafaɗa yana cikin fagen da ya fi na maƙwabcin taransifoma nesa ba kusa ba. Na'urar ɗaukar hoton cikin jiki ta MRI kuwa, wadda aka saba gani tesla 1.5 ce, wato ta ninka fagen duniya fiye da sau 40,000.

Hukumar ƙasa da ƙasa da ke tsara ƙa'idojin kariya daga irin wannan fage, ICNIRP, ta sa iyakar maikrotesla 200 ga jama'a a ƙa'idojinta na 2010. An gina iyakar ne a kan abin da babu jayayya a kansa: fage mai ƙarfi da ke juyawa yana tayar da ɗan lantarki a cikin jiki, idan ya yi yawa ya zaburar da jijiyoyi, har mutum ya riƙa ganin walƙiya a idonsa. Muhawarar tana kan abin da ke ƙasa da wannan iyaka ne.

Wajibi ne a raba abu uku da ake cakuɗawa a hira. Fagen wayar wuta daban. Igiyoyin rediyo da turken sadarwa ke watsawa daban, suna juyawa sau miliyoyi zuwa biliyoyi a daƙiƙa, kuma illarsu da aka tabbatar ita ce ɗumama nama idan sun yi yawa. Na uku shi ne tururin nukiliya da hasken hoton ƙashi, waɗanda ke da ƙarfin tsinka sinadaran gado kai tsaye. Mutanen Samaru sun san wannan na ukun, domin Cibiyar Bincike da Horarwa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Na farko da na biyu ba su da wannan ƙarfi ko kaɗan. Kiran duka ukun da suna ɗaya shi ne tushen rabin ruɗanin.

Inda zargin ya samo asali

A 1979 Nancy Wertheimer da Ed Leeper suka wallafa bincike daga birnin Denver na Amurka, suka ce yaran da suka mutu da sankara sun fi yawa a gidajen da ke kusa da wayoyi masu ɗauke da wuta mai yawa. Ba su auna fagen a cikin gidajen ba, tsarin wayoyin suka duba. Duk da haka maganar ta tayar da ƙura, bincike ya biyo bincike. A 2000 Anders Ahlbom da abokan aikinsa suka tattara sakamakon ƙasashe tara, suka ga cewa yaran da matsakaicin fagen gidajensu ya kai maikrotesla 0.4 ko fiye suna da kusan ninki biyu na haɗarin sankarar jini. Ƙasa da haka ba a ga komai ba, kuma gidajen da suka kai wannan adadi ba su cika kashi ɗaya cikin ɗari ba.

A kan wannan ne cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya fagen maganaɗisun wayar wuta a rukunin 2B a 2002, ta ƙara igiyoyin rediyo a rukunin a 2011. Ma'anar rukunin ita ce "mai yiwuwa ne, amma hujjar ba ta isa ba". Ba awon girman haɗari ba ne, awon ƙarfin hujja ne. A 2007 Hukumar ta sake nazarin batun baki ɗaya, ta ce alaƙar da aka gani ba ta kai a ce fagen ne sanadi ba: gwaji a kan dabbobi bai nuna sankarar ba, ba a san hanyar da za ta faru ba, kuma yana yiwuwa yadda aka zaɓo iyalan da aka yi binciken da su ne ya karkatar da lissafin. Ba ta kuma ce an wanke shi tas ba.

Gardamar ɗakin gwaji

Idan fage mai rauni yana yin wani abu, to ta ina yake shiga? Zato na farko ya faɗa kan kalsiyam. A tsakiyar shekarun 1970 Suzanne Bawin da Ross Adey suka ba da rahoton cewa fitar kalsiyam daga ƙwaƙwalwar 'yan tsaki tana sauyawa idan an sa ta a wani fage, amma a wasu adadin juyi kaɗai. A 1985 Abraham Liboff ya kawo bayanin cewa wataƙila gishirin mai caji yana amsawa ne idan juyin fagen ya dace da nasa. Bayanin ya yi farin jini, sai dai masana kimiyyar lissafin ƙarfi ba su karɓa ba.

Hujjarsu, wadda Robert Adair na Jami'ar Yale ya shimfiɗa a 1991, tana da nauyi. A zafin jikin mutum, kowane sinadari a cikin ƙwaya yana karkarwa yana karo da maƙwabtansa ba tsayawa. Ƙarfin da fage irin na duniya zai iya sa wa ƙwayar lantarki guda, wato elektiron, ya gaza ƙarfin wannan hargitsi fiye da sau miliyan. Kamar mutum ne ya yi raɗa a tsakiyar kasuwar Sabon Gari da azahar, ya ce na bakin ƙofa ya ji shi. Duk mai cewa fagen yana buɗe ƙofar kalsiyam ko yana murɗa makarɓi, sai ya bayyana yadda raɗar ta tsallake hayaniyar.

Sai kuma matsalar maimaici. Da yawa daga sakamakon da wani ɗakin gwaji ya samu, wani ya gwada bai samu ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: naɗaɗɗiyar wayar da ke samar da fagen tana ɗumi, tana kuma girgiza kaɗan, kuma ƙwayoyin da ake reno a faranti suna jin ɗumin da bai kai digiri ɗaya ba. Akwatin renon kansa yana da nasa fagen da ya bambanta daga wannan kusurwa zuwa waccan. Fannin ya kuma sha kunya a 1999, lokacin da hukumar sa ido kan gaskiyar bincike ta Amurka ta ce Robert Liburdy ya jirkita alƙaluma a takardu biyu na 1992 kan kalsiyam, zargin da ya musanta.

Ba duka ne suka rushe ba. Masu bincike a Jami'ar Ferrara ta Italiya sun yi shekaru suna ba da rahoton cewa fage mai bugawa yana ƙara yawan wani makarɓi mai suna A2A, wanda ke da hannu wajen kwantar da kumburi. Amma ƙarfin da suka yi amfani da shi ya kai maikrotesla 1,500, ya ninka na tsakar gida sau dubbai. A 2019 wasu masu bincike a Amurka suka nuna cewa maikrotesla 200 yana rage tohon sabon nama a jikin wata 'yar tsutsa mai sake fitar da sassanta idan an yanke, 500 kuma yana ƙara shi. Sakamako irin wannan, inda ƙarin ƙarfi ke juya lamarin gaba ɗaya, yana nuna cewa ko da akwai tasiri, ba ya bin lissafin "da yawa ya fi illa".

Abin da tsuntsaye suka koyar

Hujja mafi ƙarfi cewa rai yana jin fage mai rauni ba daga asibiti ta fito ba. A 1972 Wolfgang da Roswitha Wiltschko a Jamus suka nuna cewa wani ɗan tsuntsun Turai mai jan ƙirji yana gane hanyar ƙaura da maganaɗisun duniya, kuma ba arewa da kudu yake karantawa ba, karkatar layukan fagen zuwa ƙasa yake bi. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Layin da fagen duniya ke kwance sambal, ba ya karkata sama ko ƙasa, ya ratsa Afirka ta Yamma ne wajen digiri 10 arewa, kuma Zariya tana wajen digiri 11. Tsuntsayen da ke baro Turai da kaka, wasu su sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, wasu su zarce kudu, suna isowa yankin da wannan awo nasu ke daina bambance gaba da baya. Gwajin da Wiltschko suka yi daga baya ya nuna cewa idan aka sa irin waɗannan tsuntsaye a kwantaccen fage na ɗan lokaci, sukan juya yadda suke karanta shi, yadda tafiyarsu ta kudu za ta ɗore.

Ta yaya suke ji, alhali ga hujjar Adair? Klaus Schulten ya kawo amsa a 1978, aka ɗaure ta da wani furotin na ido mai suna kiriftokurom a 2000. Idan haske ya bugi furotin ɗin, ƙwayar lantarki guda takan yi tsalle daga wani sashe zuwa wani, a samu sassa biyu kowanne da ƙwayar lantarki marar abokiya. Na kimanin kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa waɗannan biyu suna jujjuyawa tsakanin hali biyu, kuma kowane hali da abin da yake haifarwa. Fagen ba ya tura komai da ƙarfi. Yana ɗan karkatar da rabon ne tsakanin sakamako biyu, kafin hargitsin zafi ya samu damar ɓata lissafin. A 2021 ƙungiyar Peter Hore ta Oxford da ta Henrik Mouritsen ta Oldenburg suka nuna cewa kiriftokurom ɗin wannan tsuntsu, da aka keɓe a kwalba, yana amsa wa maganaɗisu fiye da na kaza da na tattabara.

Wannan ita ce hanya mafi karɓuwa a yau, kuma tana da muhimmanci ga mutum saboda irin waɗannan sinadarai marasa abokiya suna samuwa a ƙwayoyinmu, wasunsu ma jiki na amfani da su wajen isar da saƙo. Amma a yi hattara da tsallen. Idon tsuntsu an gina shi ne don ya ji fagen, da jijiyoyin da ke tattara ɗan bambancin su kai ƙwaƙwalwa. Ƙwayar ɓargon yaro, inda sankarar jini ke farawa, ba ta da wannan shiri. Ko a cikin dabbobi ma ba a gama ba: a 2023 aka maimaita shahararren gwajin da ya ce wani ƙaramin ƙuda yana jin maganaɗisu, da ƙudaje wajen 100,000, ba a ga alamar komai ba.

Magani na gaske da na talla

Likitoci suna amfani da maganaɗisu. Amurka ta amince da na'urar fage mai bugawa don karayar da ta ƙi haɗewa tun 1979, ko da yake har yanzu ana muhawara kan girman amfaninta. A 2008 ta amince da zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu don ciwon damuwa mai tsanani, da bugun da ya kai tesla ɗaya ko fiye. Duk waɗannan fage ne mai ƙarfi, mai sauyawa, a hannun ƙwararru.

Awarwaron kasuwa ba ya cikin wannan sahu. Fagensa tsayayye ne, ba ya tayar da lantarki a jiki, kuma yana dusashewa a ɗan tazara daga fata. Maganar cewa yana jan ƙarfen da ke cikin jini ba ta da tushe. Da haka ne, da babu mai fita daga MRI da rai. Gwajin da aka yi a Jami'ar York ta Ingila a 2013 kan masu ciwon gaɓoɓi bai ga bambanci tsakanin maɗaurin hannu mai maganaɗisu da na bogi ba. Asarar kuɗi ƙaramar illa ce. Babbar ita ce mai hawan jini ya ajiye ƙwayoyinsa ya dogara da awarwaro. Masu na'urar daidaita bugun zuciya kuwa an hana su kusantar da maganaɗisu ga ƙirji, domin yana iya sauya aikin na'urar.

Abin da ya shafi mazauna Dogarawa

A 2020 jita-jitar cewa 5G ke kawo korona ta zaga wayoyin mutane, har Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito ta ƙaryata. A lokacin ba a ma fara sayar da wannan sabis a Nijeriya ba, sai a 2022. Turken sadarwa yana harba igiyoyinsa ne can nesa, ba ƙasa ba, kuma abin da jiki ke samu daga wayar da aka kara a kunne ya fi na turken. Ƙorafin maƙwabtan turke da ya fi ƙarfi shi ne na ƙarar janareta da hayaƙinsa da man da ke malala, kuma saboda irin waɗannan ne hukumar muhalli NESREA ta nemi tazarar mita 10 tsakanin turke da gida a ƙa'idojinta na 2011.

Game da manyan wayoyi, ƙa'ida ta ware fili mai faɗin mita 50 ga layin kilobolt 330, da mita 30 ga na 132, ba gini ba rumfa. Ba don tsoron maganaɗisu aka ware shi ba. Wuta mai wannan ƙarfi tana tsallaka iska ta kama rodin da ake ɗagawa a kan dakali ko tsanin mai gyaran kwano, kuma waya tana tsinkewa, musamman da iskar farkon damina. A Afrilun 2017 waya ta faɗo kan gidan kallon ƙwallo a Kalaba ta kashe mutane da dama. Wanda ya bar wannan fili don gudun mutuwar farat ɗaya, ya kuma fita daga inda fagen ya fi ƙarfi ba tare da ƙarin wahala ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2007 ma ke nan: a ɗauki matakan da ba su da tsada wajen sabon gini da shimfiɗa layi, ba a tayar da unguwa ba.

Mafi yawan manyan binciken nan a Turai da Amurka da Japan aka yi su, inda wuta ba ta cika yankewa ba kuma ana rubuta masu sankara. A nan wuta tana zuwa ta ɗauke, fagen waya kuma da yawan lantarkin da ke gudu a cikinta yake tafiya, don haka gidan da ke kusa da taransifoma yana iya yin rabin yini ba fagen komai, da dare kuma janareta na ruri a bayan taga. Ba za a kwaso adadin wata ƙasa a ɗora wa Dogarawa ba sai an auna. Na'urar awon ƙarama ce, ana riƙe ta a hannu, amma manhajar waya ba ta wadatar, don an yi ta ne domin fagen duniya mai tsayuwa. Awo mai amfani shi ne wanda aka yi a ɗakin kwanan yara, na awa 24 ko fiye, da wuta da babu wuta, a rubuta nisan gidan daga layi. Aiki ne daidai ƙarfin ɗaliban kimiyya na Samaru, kuma sai an haɗa shi da bayanan marasa lafiya na asibitin koyarwa na Shika kafin a iya cewa wani abu game da lafiyar yaran yankin.